Ranar da Delbert Ya Toshe wa Gimbiya Baki

A garinmu Marlow, can tsakiyar kwarin Kalifoniya, in ka tambayi wa ya fi kowa sanin mota, za a nuna maka mutum biyu ko uku. In kuwa ka tambayi wa ya fi kowa faɗin ya san mota, ba sai an nuna maka ba, da kansa zai taso ya same ka. Sunansa Delbert Pruitt.

Delbert yana da wata tsohuwar mota marar rufi da ya tsinto a bayan rumbun wani manomi, kaji na ƙwai a kan kujerarta. Ya cire injinta ya dasa na babbar mota, ya shafe ta da jan fenti, ya zana harsunan wuta a gefenta. Sannan ya yanke salansa ya jefar, ya lanƙwasa bututu takwas da hannunsa, huɗu dama huɗu hagu, kowanne ya fito daga inji ya ɗaga baki sama, daidai kunnen direba. Ya raɗa mata suna Gimbiya.

In Gimbiya ta tashi, kofuna sukan yi rawa a kan tebur har layi na uku. Fasto yakan tsaya da wa'azi ya jira ta wuce.

"Wannan ba ƙara ba ce, waƙa ce," in ji Delbert a shagon aski. "Sai mai kunne yake gane ta."

"Mai kunne ai ya ƙare a layinku," in ji Floyd, mai shagon kayan mota, wanda tun suna makaranta ba sa ga maciji da juna.

Gidan da Delbert yake zaune da matarsa Wanda ba nasa ba ne. Na surukinsa ne, tsoho Harlan, kuma yana manne da gonar da tsohon ke kiwon talotalo. Duk wanda ya taɓa kiwon talotalo ya san ba su da wayo ko na sisin kwabo: in suka firgita sai su ruga kusurwa guda su yi ta hawa kan juna har na ƙasa su mutu. Ga shi idin godiya ya ƙarato, lokacin da kowane gida a ƙasar yake neman talotalon yanka, lokacin da Harlan yake samun abin da zai ci shekara.

Wata safiya Delbert ya tayar da Gimbiya don ta ɗan sha iska, ya taka totur son ransa, ya kashe, ya koma ciki karin kumallo. Bai kai ga rabin ƙwansa ba sai ga Harlan ya banko ƙofa, riƙe da mataccen talotalo ta ƙafa. Ya dire shi a kan tebur, tsakanin burodi da gahawa.

"Ina kwana, Baba," in ji Delbert. "Wannan namu ne?"

"Naka ne. Akwai 'yan'uwansa cike da baro a waje, su ma naka ne."

Delbert ya ɗaga fatar idon tsuntsun da cokali. "Ciwo ne ya kashe shi. Dubi idon nan. Ni na san tsuntsu."

"Kai ne ciwon."

"Baba, zauna ka sha gahawa," in ji Wanda.

"Ba na shan komai. Ranar da kika kawo min mutumin nan na ce miki surutu ne kawai a cikinsa, kika ce ai yana da hannu. To ga hannun nan a kan teburinki."

Harlan bai tsaya ko'ina ba sai kotu.

Alƙali Burris tsoho ne mai ciwon ƙafa, kuma shi kansa ya taɓa zubar wa kansa miya mai zafi saboda Gimbiya. Bai ja magana ba. Ya ce ranar Asabar ta sama a kawo motar bakin kotu a tayar da ita a gabansa. In ya iya magana da akawunsa ba tare da ya ɗaga murya ba, Delbert ya tafi da abinsa. In ba haka ba, a kai ta wurin masu markaɗe ƙarfe. Harlan ya ƙara da nasa: ranar da motar ta tafi markaɗe, mai ita ma ya kwashe kayansa daga gidan.

"Ranka ya daɗe, Asabar ma ta yi nisa," in ji Delbert. "Zan mayar da ita ta fi kyanwa shiru. Jariri za ka kwantar a kan injin ya yi barci."

"Ba wanda ya tambaye ka jariri. Fita."

A bakin kotu Floyd ya tare shi. A shagonsa akwai abin da ake sa wa irin waɗannan bututu, wani ɗan gajeren ƙarfe mai huji-huji da ake zurawa a bakin bututun a ɗaure da noti, ƙara ta ragu. Matoshi muke ce masa.

"Ina da takwas a ajiye," in ji Floyd. "Ka zo ka ce don Allah, in ɗaura maka."

"Na kamfani? Ni in sa wa Gimbiya na kamfani? Waɗanda suka ƙera shi ai wurin irina suka koya. Ka jira ka ga nawa. Kafin shekara ta zagayo kai za ka zo layi kana roƙon in ba ka sari."

"Allah ya kai mu," in ji Floyd.

Da ya isa gida ya faɗa ɗakin girki. Ya juye garin gahawar Wanda daga gwangwanayensa cikin tukwane da kwanuka, har da butar shayi, don gwangwanayen yake so. Ya huhhuda su da ƙusa, ya cika kowanne da soson ƙarfe na wanke tukunya, ya kifa su a bakin bututun.

"Da me zan wanke tukwanen?" in ji Wanda.

"Nan gaba kaɗan 'yar aiki ce za ta wanke miki. Zo ki riƙe min sitiyari."

Tun da Harlan ya rantse zai harbe shi in ya sake tayar da ita kusa da gona, sai Delbert ya tura ta har ƙarshen layi, Wanda na riƙe da sitiyari tana sunne kai don kunya. Suka tsaya jikin shingen Misis Opal, wata gwauruwa da ke wanke rigunan mawaƙan coci. Ran nan kuwa ta shanya su reras a kan igiya, farare fes.

Delbert ya murɗa makulli. Ƙarar ta ɗan ragu kam, ba za a yi masa ƙarya ba. Ya dubi Wanda ya ɗaga gira. Sai ya taka totur. Soson ƙarfen ya yi ja, ya kama da wuta, bututu takwas suka yi ta feshin tartsatsi sama kamar wasan wutar biki, iska ta kwashe shi ta zuba kan igiyar shanya.

Misis Opal ta fito da ludayi a hannu.

"Delbert Pruitt! Uban me na yi maka?"

"Kwantar da hankalinki, Misis Opal. Gwaji ne. Kin lura ƙarar ta ragu?"

"Na lura rigar shugaban mawaƙa ta zama rariya!"

"Ai ya fi shan iska. Da ma kullum gumi suke yi."

Ludayin ya same shi a bayan kunne. Ranar Lahadi mawaƙa suka tsaya gaban jama'a da riguna masu huji kamar ɓera ya kwana a ciki, fasto kuwa ya yi wa'azi a kan haƙuri yana kallon Delbert tun daga farko har ƙarshe. Delbert ya fito yana gaya wa mutane fasto ya yaba da haƙurinsa.

"Matsalar soson nan ita ce yana cin wuta," ya ce wa Wanda. "Da ma na sani. So nake in tabbatar."

Ya ɗauki tsani ya hau saman silin, ya yayyago audugar gilashin nan da ake shimfiɗawa don tare sanyi. Ita ba ta cin wuta, amma in ta taɓa fata sai ka yi susa har ka manta sunanka. Ya danna ta cikin gwangwanaye. A wajen saukowa ƙafarsa ta ɓurma silin, daidai saman gadonsu.

"Gidan Baba ne fa," in ji Wanda tana kallon ƙafar da ke reto.

"In na yi kuɗi zan saya masa silin na zinariya. Miƙo min tsani."

Wannan karon filin makaranta ya tura ta, don yana da faɗi. Bai damu da cewa ƙungiyar matan gari sun baje tebura a gefe suna sayar da kek da lemo don gyaran rufin makaranta ba. Ya ma ji daɗi, ga 'yan kallo. Ya cire hula ya gaishe su, ya ce su shaida abin da za su ba jikokinsu labari.

Sun kuwa shaida. Gimbiya ta yi tari sau biyu, ta tofar da audugar gaba ɗaya. Wani gajimare mai ƙyalƙyali ya tashi ya sauka a hankali kan mata da kek da lemo. Da farko wata ta ce kai, abin da kyau. Sai ta sosa wuya. Sai ta kusa da ita ta sosa hannu. Kafin ka ce me, matan da suka fi kowa ji da kansu a Marlow sun koma goga baya a jikin bishiya. Ɗan sandan da aka kira ya zo zai rubuta masa takarda, ya kasa riƙe alƙalami don susa, ya ce masa kawai ya ɓace masa da gani.

A shagon aski aka yi ta yi da shi.

"Ina matoshin da za mu yi layi a kai?" in ji Floyd.

"Kai ba ka san yadda ake ƙirƙira ba. Yanzu na gane cusa wani abu a ciki ƙauyanci ne. Sirrin yana wurin hujin. Lissafi ne, ba zai shiga kanka ba."

Ya samo sababbin gwangwanaye, ya yi wa kowanne 'yar siririyar tsaga a ka, wata doguwa wata gajera. Ya kai Gimbiya bayan tashar jirgin ƙasa, inda ba shanya ba kek. Ya tayar. Iska ta matsu ta cikin tsagar nan, sai wani irin fito ya tashi, siriri mai huda ƙwaƙwalwa, yana hawa yana sauka: wiiii-wuuu, wiiii-wuuu.

To a Marlow ba mu da 'yan kwana-kwana na albashi. Mutanen gari ne, in jiniya ta yi kuka kowa ya yar da abin da yake yi ya ruga. Mai aski ya bar mutum da rabin gemu. Mahauci ya fito da wuƙa a hannu. Floyd ya bar shago a buɗe. Suka ɗare motar ruwa suka bi sautin, karnukan gari na biye da su suna haushi, har bayan tasha. Suka tarar da Delbert zaune a kujera, ya harɗe ƙafa yana kaɗa kai.

"Ina gobarar?" in ji mai aski yana haki.

"Wace gobara? Ku saurara da kyau. Rugugin nan ya tafi ko bai tafi ba?"

Suka dubi juna. Floyd ne ke riƙe da bakin tiyo.

"Ni dai ina ganin hayaƙi," in ji Floyd.

"Ni ma," in ji mahauci.

Suka sakar masa ruwa har sai da ya wuntsila ta bayan kujera.

Daren Asabar bai yi ba sai da Wanda ta yi masa magana ta ƙarshe. Ta same shi a gareji yana atishawa.

"Delbert, je ka wurin Floyd. Ka ce don Allah. Kalma biyu ce. Ba ka mutuwa."

"Ni in roƙi Floyd? Mutumin da ya maimaita aji?"

"Tare kuka maimaita."

"Ni malamin ne ya roƙe ni in tsaya in taimaka masa. Ki saurara, na gano komai. Ƙara ta ina take fita? Ta huji. To in babu huji fa?"

"Hayaƙin ya bi ta ina?"

"Wannan matsalarsa ce."

Ya nemo gwangwanaye masu kauri, ya cika su da tsofaffin noti da ƙusoshi da guntayen ƙarfe, ya bar wa kowanne huji ɗaya tal wanda allura ma sai ta yi dabara za ta shiga. Ya buga su cikin bututun da guduma har suka zauna daram. Bai ɗaure ko ɗaya ba. Ya ce ɗauri na wanda bai yarda da aikinsa ba ne. Bai kuma gwada ba, don duk faɗin Marlow babu sauran wurin da za a bar shi ya murɗa makulli.

Ranar Asabar filin kotu ya cika maƙil. Misis Opal ta zo da kujerarta. Matan ƙungiya suka jeru a gaba, wasu har yanzu da tabon susa. Harlan ya tsayar da babbar motarsa a gefen fili, shaƙe da akurkin talotalo da zai kai kasuwa, ya ce ba zai wuce ba sai ya ga an ja Gimbiya zuwa markaɗe. Aka fito wa Alƙali Burris da kujera saman matakala, ya ɗora ƙafarsa mai ciwo a kan matashi, akawu na tsaye a gefensa.

Delbert ya iso cikin farar riga da laktaye, ya shafa mai a kai, yana tura mota Wanda na riƙe da sitiyari. Ya karɓi kujerar, ya ɗaga wa jama'a hannu. Mutane suka toshe kunne. Ya murɗa makulli.

Fut. Fut. Fut-fut-fut.

Shi ke nan abin da aka ji. Motar tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, bututun suna ɗaukar wani irin launi, amma ƙara babu. Mutane suka sauke hannu daga kunne ɗaya bayan ɗaya. Harlan ya saki baki.

Alƙali ya juya wurin akawu, ya ce a hankali, "Kana jina?"

"Ina ji sarai, ranka ya daɗe."

"To magana ta ƙare. Mista Pruitt, mota taka ce. Kashe ta ka tafi gida."

Wanda ta dafa ƙofar motar. "Ka ji ko? Ka ci. Kashe ta, Delbert. Don girman Allah kashe ta."

Ina! Delbert ya riga ya miƙe tsaye a kan kujera, ya riƙe gilashin gaba da hannu ɗaya.

"Jama'ar Marlow! Kun yi min dariya. Kun jiƙa ni da ruwa. An buge ni da ludayi. Ban riƙe kowa a zuci ba, don haka ake yi wa duk wanda ya fi zamaninsa. Baba, na yafe maka. Daga ranar Litinin za a fara rubuta suna, wanda ya riga zuwa..."

"Tana tafiya kuwa?" Muryar Floyd ce daga baya.

"Me ka ce?"

"Cewa na yi tana tafiya? Ai gawa ma shiru gare ta. Keken ɗinkin matata ya fi wannan ƙarfi."

Aka kwashe da dariya. Kunnuwan Delbert suka yi ja.

"Delbert, kada ka kula shi," in ji Wanda.

"Mista Pruitt, na ce ka kashe ta," in ji alƙali.

"Yanzu, ranka ya daɗe. Bari in nuna wa wannan jahilin abu ɗaya."

Ya zame ya zauna, ya taka totur har ƙasa.

Gimbiya ta yi shiru, kamar mai haɗiye wani abu. Ta kumbura. Sai bam! Bam-bam-bam! Gwangwanaye takwas suka tashi kamar an harba igwa, noti da ƙusoshi na zuba kamar ƙanƙara. Ɗaya ya shige tagar kotu ya fita da gilashin. Ɗaya ya tafi da hular fasto. Ɗaya ya daki matashin da ke ƙarƙashin ƙafar alƙali, ƙafar ta faɗo kan dutse, tsoho ya yi wata ƙara da ba a san yana da ita ba. Biyu suka sauka kan motar Harlan suka tsinke igiyar da ta ɗaure akurki. Akurki suka zubo suka farfashe, talotalo suka watsu cikin jama'a, suna hawa kan mata, suna shiga ƙarƙashin kujeru, wani ya haye kan akawu ya kama kunnensa. Misis Opal ta kife da kujerarta. Kowa ya yi ta kansa.

Gimbiya kuwa, da ta samu bakinta ya buɗe, sai ta saki duk abin da ta tara. Totur ya maƙale. Rugugin da ta yi ran nan, waɗanda suke gona a wajen gari sun ce sun zaci jirgin sama ne ya faɗo.

Baƙin hayaƙi ya lulluɓe motar. Da ya washe, sai ga Delbert ya fito a hankali, fuska baƙa ƙirin, gira ta ƙone, farar riga ta koma ta mai gawayi. Bututun nan da ya saita daidai kunnen direba sun yi aikinsu: dodon kunnensa duka biyu sun ɗauke.

Ya tsaya ya dubi fili. Ya ga alƙali ya wage baki, jijiyar wuya ta tashi, amma ba abin da ke fita. Ya ga Harlan yana tsalle yana nuna shi da yatsa, ba sauti. Ya ga talotalo suna buɗe baki suna rufewa. Ya juya ya dubi Gimbiya, tana girgiza tana aman wuta ta baki takwas, tsit kamar hoto. Sai murmushi ya kama shi, fararen haƙora suka bayyana cikin baƙar fuska. Ya buɗe hannuwa, ya taka zuwa gindin matakala, ya kwarara murya irin ta kurma.

"Ranka ya daɗe, ka ji ta? Totur a ƙasa fa take! Ko numfashinta ba a ji! Floyd, ina kake? Zo ka shiga layi!"

Wanda ta ratsa ta cikin talotalo, hannu ɗaya a kunne. Ta miƙa hannu ta kashe motar, ta zare makulli. Ta wuce mijinta ko kallo bai ishe ta ba, ta hau matakala, ta sa makullin a tafin hannun alƙali ta naɗe masa yatsu a kai. Sannan ta sauko ta kama talotalo biyu ta ƙafa, ta nufi motar ubanta.

Delbert yana nan tsaye yana rusuna wa jama'a dama da hagu, yana ce musu ba komai, ba sai sun yi tafi ba, har ɗan sanda ya zo ya kama shi ta laktaye.